Kaurin Kwano

Shekara talatin ina buga kwano a Katsina,
daga Ƙofar Marusa har Rafin Daɗi.
Babban yatsa da manuni su ne ma'aunina:
in matsa, in lanƙwasa gefe, in saurari kukan falle,
in ce wannan zai ga jikoki,
wancan ko damina uku sai da addu'a.

Sai ɗiyata Tabawa ta dawo daga koyon sana'a
da wani ɗan ƙarfe mai ƙugu kamar lauje.
Ta ce, Baba, ka san milimita?
Na ce, tsagar nan ta jikin tef
da ba na gani sai na runtse ido.
Ta ce, to raba ta gida dubu.
Na ce, da wace wuƙa?

Ta yi dariya, ta tsinke min furfura ɗaya a gemu,
ta sa a bakin ƙarfen, ta murɗa a hankali
har ya ce ƙas, ƙas.
Maikiron saba'in, in ji ta.
Takardar rasit ɗin aljihuna, ɗari.
Ledar da muka ƙunso ƙosai, ashirin da 'yan kai.
Ɓawon albasa ma bai tsira ba.

Ta ƙara min da wata:
a lissafin geji, lamba na hawa, ƙarfe na ramewa.
Na ce wannan ai halin ɗan kasuwa ne.

Ranar Laraba muka je ɗauko bandir shida
na aikin gidan Malam Barau.
Mai shago ya rantse ɗari huɗu da hamsin ne.
Na matsa, yatsuna suka ce, da dama.
Tabawa ta murɗa.
Ɗari uku da goma.
Ta sake a tsakiya, ta sake a wani falle.
Ɗari uku da goma.

Abin da ya ɓace bai wuce furfura biyu ba,
amma ta nan ruwan Agusta ke shigowa
ya sami tabarmar mutum,
kuma kafinta ake zagi.

Mai shago ya dubi ƙasa,
ya aiki yaro ɗakin baya.

A hanya na yi shiru har shataletale.
Na dubi yatsun nan biyu,
kanta ta cinye su, fatar ta yi kauri.
Na ce, Tabawa, nawa ake sayar da laujen nan naki?