Rabin Suna

A gidanmu kowa ya haddace zancen:
wai wani ma'aikacin tashar jiragen ruwa,
mai gashin baki da gajen haƙuri,
ya ga sunan kakan babana ya yi masa tsawo,
sai ya sa alƙalami ya datse shi biyu.
Goggo Sylvi takan maimaita duk Kirsimeti,
har da kwaikwayon muryar mutumin
da ba ta taɓa gani ba.

Ran Talata na gangara ɗakin ƙasa
na kotun gunduma a Houghton,
ƙanƙara na narkewa daga takalmina.
Wata mata mai tabarau rataye a wuya
ta turo mini kundi, ta ce kar in lashi yatsa.

Shafi na ɗari biyu da sha ɗaya.
Aukusti Hautamäki, ɗan Finland,
shekara talatin da huɗu, mahaƙin tagulla,
ido ruwan toka, tabo a haɓa.
Ya rantse ya bar biyayya ga sarkin Rasha,
sarkin da bai ma san an haife shi ba.

Can ƙasa kuma, layi ɗaya tak:
mai nema yana roƙon kotu
ta mai da shi August Maki.

Shi ya roƙa.
Ba wanda ya ƙwace masa komai a bakin teku.
Shekara sha ɗaya yana ɗauke da sunan cikakke,
har da ɗigo biyun da ke zaune kan wasali
kamar idanun yaro a bayan taga.

Da dare na buɗe ƙamus.
Mäki, tudu ne.
Hauta, kabari.

Mutumin da kullum asuba
ake zura shi cikin ƙasa da igiyar ƙarfe,
fitila a goshi, gurasa a aljihu,
wataƙila ya gaji da sauka rami
da kabari a gaban sunansa.
Wataƙila kuma mai biyan albashi ne
ya ishe shi da tuntuɓen harshe.
Takarda ba ta ce ba.

Amma wurin sa hannu
ya fara da H, babba, ta saba,
sannan ya soke ta da layi biyu.
Tawada ta taru a wurin, ta yi kauri.

Na kira Goggo na karanta mata.
Ta yi shiru har na ji butarta na tafasa.
Ta ce, a tashar jirgi ne dai,
mai gashin bakin nan ne.
Ta ce, kin ci abinci?