Ƙunshi na Bakwai

Ƙarfe huɗu na asuba a Yaba,
janareton maƙwabta na tari,
ni da Folarin mun zuba wa baƙin allo ido.

Sabar nan ba ta da maigida.
Hannu dubu ya gina ta, kyauta,
aka bar ƙofa buɗe.

Da, manhaja buhu guda ce:
ɓera ya huda gefe, sai a zazzage duka.
Yanzu ƙunshi-ƙunshi nake ɗaure ta,
kowanne da takarda a goshi:
ga sunana, ga abin hannuna, ga wanda nake jira.

Haka Baba Tanimu ke sauke tumatir a Mil Sha Biyu.
Kwando ya ruɓe, a janye shi,
kasuwa na ci.

Na bakwai ya ƙi tashi.
Wai ɗan'uwansa ya tsufa da lamba ɗaya.
Folarin ya yi tsaki da Yarbanci.
Na gyara, na sake turawa.

Kore.

Can Agege wata ta biya kuɗin makaranta ta waya,
ba ta san an taɓa komai ba.
Shayina ya huce.
A ƙasa, ɗan kwandasta ya fara kiran Oshodi.