Gwangwanin Baba

Baba bai bar mini zinariya ba.
Ya bar tanderun burodi a Sabon Gari,
ɗaki huɗu na haya a Garin Malam,
da tsohon gwangwanin madara
cike da rasiɗai, ɗaure da ƙyallen atamfa.
Ranar sadakar bakwai na buɗe shi, na yi tsaki:
ashe wannan tsoho ke ɓoyewa ƙarƙashin gado?

Wata bai zagayo ba aka fara sallama.
Na fari ya zo bisa babur, biro a bayan kunne,
ya auna tanderu da ido, ya ce patanti.
Na biyu ya ƙirga ƙofofin haya da yatsa,
ya ce lanhon gida.
Na ce ɗaki ɗaya yoyo yake,
ba mai kwana ciki sai ƙadangaru.
Ya ce, "Rubuta ka kai ofis.
Magana ba ta shiga jakata, sai takarda."

Sai batun Kes, asusun ma'aikata.
Nomau ya shekara sha biyu yana kwaɓa fulawa,
kafaɗarsa ta fi agogo sanin asuba.
Kiyari mai tireda ya raɗa mini:
"Ka ce ƙanenka ne, ba ma'aikaci ba.
Ɗan'uwa ba shi da lamba."
Na kwana ina juya maganar.
Da safe na zazzage gwangwani,
ga sunan Nomau, ga sunan Nomau,
har shekarar da buhun fulawa ya haukace
muka yi salla da tsofaffin riguna.
Na je na biya.
Ban biya da fara'a ba, Allah shaida,
na ƙirga jikunan sau uku kafin in saki.

Daren ashirin ga azumi
injin kwaɓi ya kama hannun Nomau.
Ƙarar da ya yi har yanzu tana cikin bangon.
Yatsa biyu suka tafi.
A asibiti matarsa Tsahara ta dube ni,
ba ta ce komai ba, ni ma haka.
Lambar nan da Kiyari ya raina
ita ta yi magana a madadinmu.
Takalmina ya san hanyar ofis sau bakwai,
amma abin da ya fito ya riƙe tukunyar gidansa.

Kada ku ce takarda ƙawata ce.
Tanimun mai gyaran rediyo
ya riƙe mini hayar wata biyar.
Na ɗauko guduma zan cire masa ƙyaure.
Ya fito da yarjejeniya,
ga dangwalen babban yatsan Baba, shuɗi, a karkace:
mai haya ba a tashinsa sai da wa'adi,
rufi in ya yi yoyo, na mai gida ne.
Ya nuna mini kwano uku a tsakar ɗaki
da ya tara wa damina.
Na ajiye guduma.
Ni na sayo kwanon rufi,
shi yana kawo jika bibbiyu ranar Alhamis,
mu duka biyu fuska a murtuke.

Har yau famfon unguwa sai ya ga dama.
Har yau daga ɗan garuwa nake sayen ruwan kwaɓi,
ramin ƙofar tanderu kuwa ya girmi ɗiyata.
Ran taro a ma'aikatar magajin gari na miƙe,
na ɗaga rasiɗi sama, na ce:
"Ga nawa. Ina naku?"
Wani ya yi dariya, wani ya rubuta.
Ban san wanne zai fi daɗewa ba.

Jiya na tura sabon rasiɗi,
murfin gwangwani ya ƙi rufuwa.
Na danna da gwiwa, ya ƙi.
Ɗiyata Baraka ta juye sauran madara a kofi,
ta wanke nata gwangwanin,
ta kife shi bisa dutse ya sha rana.