Lemun da Ba Ya Kan Tire

Madam ta dawo daga tafiya da gwangwanin shayi,
ta ce, Barau, wannan ba ya son madara.
Na ɗaga murfin a kicin, hawa na shida, Ikoyi,
hancina ya riga ni gane baƙon:
lemu ne, sai dai ya sanyo hular wani gari.
Bargamot, in ji ta.
Na maimaita sau uku kada ya zube mini a hanya.

Ran Asabar danfo ya tofar da ni a Mil Sha Biyu,
taɓo har idon sawu.
Iya Morenike ta goge hannu a zane,
ta ce sunan nan ya fi ƙarfin tirenta.
Ta turo mini lemun tsami, ƙanana masu taurin kai,
tanjarin biyu,
da garehul guda mai tabo a kumatu.
Ka murza, ka sansana, ta ce,
wanda ya amsa shi ne naka.

Na kafa farce a ɓawo.
Raɓa mai yaji ta fantsamo mini a ido,
sai ga bakin rijiyarmu a Kudan,
ga Goggo Kande tana tsinkar ganye
za ta dafa wa mai zazzaɓi,
tana faɗa da ƙaya kamar ƙayar na jin magana.
Shekara tara ban taka garin ba.
Na ce wa Iya lemun ne ya sa ni hawaye.

Tun daga nan ba na yar da komai.
Ruwan yana kashe ƙarnin kifin Epe,
ɓawon na kankare shi cikin ƙullin kek,
wani ya kwana a zoɓo tare da citta.
Abin da ya rage ya bushe a taga,
da dare in ɗora shi kan garwashi
sauron bakin lagun ya nemi wani maƙwabcin.

Gwangwanin ya ƙare kafin damina ta ɗauke.
Ban faɗa ba.
Na zuba ganyen shayin kanti,
na binne busasshen ɓawon tanjarin a ciki
da ɗan na lemun tsami, kwana huɗu, murfi a rufe.

Jiya ta kurɓa, tana kallon gada ta taga,
motoci sun tsaya cak kamar kullum.
Ta ce, ka gani ko, Barau,
abin waje akwai auki.
Na ce ƙwarai, Madam,
hannuna a baya, farcena kore shar.