Hannu Arba'in da Biyu

Mahaifina Abílio bai taɓa gina ko ɗaki ɗaya ba.
Shekara talatin da shida yana auna filayen mutane
a ofishin ƙasa na birnin Porto,
da yamma ya dawo gidan haya, hawa na huɗu,
inda tagar kicin ke satar kallon kogi.

Amma ya tara gine-gine a kan katako,
littattafan labari, tsofaffi, bugun farko,
duk a kan masu zanen gini:
wanda hasumiyarsa ta karkace ya haukace,
wanda ya zana coci ya mutu ba a ɗora rufi ba,
wadda ta sa sunan mijinta ƙarƙashin zanenta
don a yarda a haƙa tushe.
Sharaɗinsa ɗaya, sai da sa hannun marubuci.
In babu tawada, in ji shi, kango ne.

Yakan je gwanjo da busasshen burodi a aljihu,
ya dawo a ƙafa, kuɗin jirgi ya shige takarda.
Mahaifiyata ta ce daɓen falo ya fara lotsawa.
Ya durƙusa, ya auna, ya ce saura nauyin goma.

Da ya rasu na kira Senhor Telmo,
dillali mai warin taba da gilashin ƙara girma.
Ya kwana biyu yana shinshina shafi,
yana ɗaga takarda ga hasken taga
kamar mai duba ƙwai.

Arba'in da ɗaya na gaskiya ne, ya ce.
Wannan mai koren bango kuwa, ki yi haƙuri.
Marubucin ya rasu wata uku kafin a buga shi.
Matacce ba ya riƙe alƙalami.
An cuci babanki.

Na karɓa na duba.
Harafin farko ya jingina hagu, kamar mai jiran mota,
layin ƙasa a miƙe, ba ko rawa,
irin na wanda ya saba da ma'auni.
Na san hannun nan.
Shi ya sa hannu a katin makarantata
shekara goma sha biyu.

Ina ganinsa yanzu, cikin dare, a teburin kicin,
ya cire tabarau, ya goge bakin alƙalami,
yana ara wa mamaci hannunsa
don kada littafin mutum ya kwana babu ƙofa.

Telmo ya kwashe sauran cikin kwali bakwai.
Daɓen bai miƙe ba, ya riga ya saba.
Mai koren bango ba shi da farashi, in ji dillali,
ko kuɗin kofi ba zai kawo ba.

Yana nan kusa da gadona.
Har yau ban kai ƙarshen labarin ba.
Kullum a shafin farko nake tsayawa.