Kwalekwale Ɗaya, Matuƙa Biyu

Ƙarfe biyun dare a Garwa.
Fanka tana tuƙa zafi kamar tuwo,
uwar garkena tana huci a ƙarƙashin tebur,
cikinta ɗauke da tafki, da taru, da kasuwar kifi,
da yara ɗari uku masu su da ciniki
daga Kusuri, daga Mundu, daga Gidar,
ba wanda ya taɓa ganin fuskar wani.

Sai ga saƙon Astajam daga Marwa:
"Mairiga, wa ke cikin kwalekwalena?
Wata uku ina tara kuɗin katakonsa."
Ban kai ƙarshen layin ba, ga Birema daga Injamena
da zagi rabi Larabci, rabi Faransanci.
Nasa ne, in ji shi, jaka biyu ya biya.
Ya tuƙa gabas, jirgi ya nufi yamma,
ya loda ragon ruwa, wata ta sayar.

Na buɗe rumbun bayanai ina laluben ɓarawo.
Babu ɓarawo.
Dubu huɗu da ɗari huɗu da sha bakwai,
ga ta a sama, ga ta kuma can ƙasa,
suna ɗaya a goshin jirage biyu.

Laifin daren Laraba ne, da aka ɗauke wuta.
Mai ƙidayata ya riƙe lissafi a ka, bai rubuta ba,
janareta ya tashe shi, ya mutsuke ido,
ya koma inda ya tuna, ba inda ya tsaya ba.
Kama da wane ba wane ba ne, mu mun sani.
Na'ura ba ta sani ba.
Ita lamba ce fuska, lamba ce uwa da uba.

Na zauna. Sauro ya sami abin da ya zo nema.

Can sai na ga babana, Malam Talle,
malamin sikeli a kasuwar auduga ta Pitowa,
tsugune da buroshi da gwangwanin shuɗi
yana yi wa kowane ƙunshi zanen suna:
shekara tukuna, sai ƙauye, sannan ƙidaya.
Ina yaro na ce, Baba, ai ɗaya, biyu, uku ta isa.
Ya ce, "Kowane ƙauye yana da ɗayansa.
Lamba tsirara marainiya ce,
in ta isa babban sito, wa zai ce tasa ce?
Ba ta ranar haihuwa, ba ta gari."

To, na ba ta.
A gaba na sa lokaci, an yanka daƙiƙa gida dubu,
don agogo ba ya shan ruwa ɗaya sau biyu.
A tsakiya sunan injin da ya haife ta,
wannan na ƙarƙashin tebur, ko wancan da nake haya a Duwala.
A wutsiya ƙidaya,
don ko tagwaye suka faɗo a ƙiftawa guda
ungozoma ta san wanda ya riga.
Na kuma hana agogon waiwaye:
in ya ja baya, kowa ya dakata har ya dawo hayyacinsa.

Saura shari'a. Wa zan ba tsohuwar lamba?
Ban ba kowa ba.
Na raba jiragen, na raba kifin yadda na iya,
na binne dubu huɗu da ɗari huɗu da sha bakwai
inda ba jirgi ko taru da zai sake amsa ta.

Birema ya turo babban yatsa, ya koma su.
Astajam ta ce sabuwar ta cika tsawo,
ƙwaya goma sha tara, wa zai haddace?
Waccan da ita take kiransa in za ta kwanta.

Ban sami amsa ba har aka kira assalatu.
Na fito tsakar gida, na tarar da Baba da buta,
hannun nan mai rawa, shuɗin ya daɗe da fita.
Ya ce, "Kai da wasan yaranka, har yanzu?"
Na ce, auduga nake yi wa lamba.
Ya dube ni, ya ce, "Ka sa shekara?"