Bashin Jaki

Kwanon awon nan na Baba Sahabi ne.
Gindinsa ya lotsa tun ba a haife ni ba.
Ba ha'inci ba ne: jaki ya taka shi
a hanyar Achida, shekarar da gero ya yi arha
har kaji suka ƙoshi suka bar shi a ƙasa.
Tun ranar, duk awon da Baba ya yi
sai ya ƙara tafi guda.
Ya ce bashin jaki yake biya.

Na gaji kwanon, na gaji rumfar a Tsohuwar Kasuwa,
na gaji tafin.

Luba ta dawo hutu daga jami'a
da littafi mai kaurin tubali.
Ta ce, Baba, ba kai ke yanka farashi ba,
akwai wani hannu da ba a gani,
shi ke ɗagawa, shi ke saukewa.
Na ce, wanga hannu, yana da uwa?
Ya taɓa kwana da ruwan kanwa a ciki?
Ta yi dariya.
Ni kuwa tambaya nake yi.

Don na gani da idona:
buhu ya kwana jingine da ginshiƙi,
kafin azahar waya ta yi ƙara daga Illela,
an ce sefa ta tashi.
Geron bai motsa ba, ko ƙwaya bai haifa ba,
amma wai ya yi tsada.
To mi ya canza?
Hatsin, ko takardar, ko mu?

Kakana ya ƙirga wuri.
Baba ya zura anini mai huda a zare.
Kwabo a hannuna ya mutu, ba wanda ya zo gaisuwa.
Yanzu samari da yatsa suke biyana:
na tura, duba wayarka.
Lamba ta shigo cif, ba ƙari, ba ragi,
ba tayi, ba albarka,
ba wanda ya tambayi gwiwata mai ciwo.
Sauri ya yi kyau, ban musa ba.
Sai dai lokacin da muka tara ta haka,
a wane rumbu ake zuba shi?

Motocin siminti na wucewa daga Kalambaina,
gari na hawa sama, bene kan bene.
Jabbi, da ke noman fadama a bakin Rima,
yanzu gadi yake yi a gidan da ba kowa ciki.
Mai gidan na da huɗu irinsa.
Jabbi na tsaron ɗakuna goma sha biyu
yana kwana a kan benci.
Luba ta ce wannan ma yana da suna a littafi.
Na ce, to, madalla da suna.

Da la'asar Inna Tumba ta zo.
Ta kwance bakin zane, kulli cikin kulli,
takardu uku da suka sha gumi.
Rabin kwano.
Na auna, na ƙara tafi, na sake ƙara wani
ina kallon wani wuri don kada ta gode.

Luba na riƙe da biro a kan littafin ciniki.
Baba, wannan a ina zan sa shi? Asara?
Na ce a'a.
Sadaka?
Na ce ba ta roƙa ba.
Ta ce, to ba shi da gurbi.

Na yi shiru ina tunanin wani mizani
da ba a buga wa gindi,
ranar da mai awo zai hau faranti da kansa.
Ban san nauyina ba.
Ba ni da tabbacin tafi biyu za su rinjayi
abin da na ɓoye a sito ina jiran damina ta makara.

Na tafi sallar magariba na bar mata rumfa.
Da na dawo, daga nesa,
na hango ta tana yi wa wani yaro awo.
Ta cika kwano, ta share baki da gefen hannu
kamar yadda littafi zai so.
Ta tsaya.
Sai hannun ya koma cikin buhu.
Ta ɗauka ba wanda ya gani.